Daga 50 zuwa 75 zuwa 100, yadda muka yi ta neman adadin maganin tayirod da zai zauna da jikina

Duk wadda aka ce mata tayirod ɗinta, wani ɗan ƙullutu da ke gaban wuya, ya yi rauni, ba ya fitar da sinadarin da jiki ke buƙata, da ta sha maganin sati ɗaya sati biyu tambayar da take fara yi ita ce wai ni me ya sa har yanzu ban ji canji ba. Tun da 'yan uwa da ƙawaye suka san ina fama da abin ita ake ta turo min a WhatsApp, wata ma har da hoton takardar gwajinta, tace Anti don Allah duba min, likita ya ɗora ni kan 50 ni kuma gani nake ya min kaɗan, ko in riƙa ƙara rabi? Amsata kullum ɗaya ce, kar ki ƙara. Amma na san "kar ki ƙara" kawai ba ta wadatar da mai jin jiki, wadda ta tashi da safe kamar an mata duka, shi ya sa na ga gara in zauna in faɗi yadda nawa ya kasance da abin da na fahimta a hanya. Ni ba likita ba ce, malamar makaranta ce, abin da zan faɗa wanda likitana ya yi min bayani ne da wanda na gani a jikina.

Kafin a gano abin na daɗe ina shan maganin taifod da maleriya, don a wajenmu ai duk kasala sunanta ɗayan biyun nan. Barci nake yi ba na ƙoshi, in shiga aji in fara magana kalmar da nake nema ta ɓace min a baki, fata ta bushe har tana fari ko na shafa man kaɗanya, bayan gida sai da ƙyar, haila kuma ta koma zuba sosai. Abin da ya fi ba mutanen gida mamaki shi ne sanyi, a tsakiyar zafin Kano na watan Afrilu kowa na neman fanka ni ina neman mayafi. Mai kitsona ce ta fara tsorata ni, ta gama tsifa ta miƙo min matajin ta kafaɗata ba ta ce komai ba, gashi ne cunkus a jiki, can sai tace Hajiya wannan zubar ba ta mai ba ce, ki je asibiti. Goggona kuwa ta riga ta yanke hukunci, hannu aka sa min a wajen aiki. Ban yi musu da ita ba, addu'ar da ta ba ni ina yi har gobe, amma asibitin ma na je.

Likitan da na gani ya zagaya ta bayana ya ɗora yatsunsa a gaban wuyana, ya ba ni ruwa yace in kurɓa in riƙe, sai ya ce in haɗiye, yana lalube yana jin yadda abin ke hawa da sauka. Daga nan ya rubuta gwajin jini. Sakamakon ya fito TSH 28, alhali a takardar an rubuta cewa daidai shi ne daga wajen 0.4 zuwa 4, T4 kuma ya yi ƙasa. Wani gwajin na daban ya nuna garkuwar jikina ce da kanta ke yaƙar tayirod ɗin, abin da suke kira ciwon Hashimoto, sunan wani likitan Japan, Hakaru Hashimoto, da ya fara bayaninsa a 1912. Mata ya fi kamawa nesa ba kusa ba, kuma yana bin dangi.

Nan ne mutane da yawa ke rikicewa, don an ce miki abu ya yi ƙasa amma lambar da ke takarda ta yi sama. Tayirod wani ɗan ƙullutu ne a gaban wuya, ƙasan maƙogwaro, shi ke fitar da T4 da T3, sinadaran da ke saita saurin aikin jiki gaba ɗaya, bugun zuciya, ɗumin jiki, narkewar abinci, har da tunani. TSH kuma ba daga wuya yake fitowa ba, daga wani ƙullutun ne na daban a ƙasan ƙwaƙwalwa, aikinsa ya ce wa tayirod tashi ka yi aiki. Kamar uwa ce ke ƙwala wa yaro kira daga ɗaki, in ya amsa ta yi shiru, in bai amsa ba ta ƙara ɗaga murya. To TSH mai yawa na nufin ana ta kira ba a amsawa, magani bai isa ba kenan. In kuma ya faɗi ƙasa warwas, sinadarin ya yi yawa a jini, magani ya zarce. Da na gane wannan sai takardun gwajina suka daina ba ni tsoro.

Maganin sunansa lebotairoksin, a kemis za ki ji ana cewa Euthyrox ko Eltroxin da wasu sunayen, 'yar mitsitsiyar ƙwaya ce, kuma ba da miligiram ake auna ta ba irin su farasitamol, da maikirogiram ne, wato 100 ɗin da kike gani a kwali kashi ɗaya ne cikin goma na miligiram guda. Shi ya sa bambancin 25 da kike rainawa babban abu ne a jiki. Kuma maganin ba baƙon abu ba ne, T4 ɗin nan ne dai da wuyanki ya kasa yi aka haɗa a ƙwaya. Akwai lissafin da likitoci ke yi, wajen maikirogiram 1.6 a kowane kilo na nauyin mutum, ni da nake wajen kilo 60 lissafin ya kai kusan 100. Amma lissafi ne kawai na fara tafiya, don wata tayirod ɗinta bai mutu gaba ɗaya ba yana ɗan taɓukawa, wata kuma cikinta ba ya tsotsar magani yadda ya kamata. Tsofaffi da masu ciwon zuciya ma daga 25 ake fara musu ko ƙasa da haka, a riƙa hawa a hankali, don in aka zabura zuciyar da ta saba da tafiyar hawainiya lokaci ɗaya ana iya samun matsala. Ni 50 aka fara min, aka ce in dawo bayan sati shida zuwa takwas da sabon gwaji.

Wallahi wannan jiran shi ne abu mafi wuya a dukkan lamarin. Kin samu sunan ciwonki, kin samu magani a hannu, zuciyarki ta gama sa rai gobe za ki tashi garau, sai ga shi kwanaki na ta tafiya kina nan yadda kike, maigida na tambaya ya jikin kina cewa da sauƙi don kar ki karya masa gwiwa, yara na makaranta na jiranki, girki na jiranki. Na tambayi likita me ya sa ba za a gwada bayan sati biyu ba a ƙara in bai yi ba, yace Hajiya wannan maganin a hankali yake taruwa, wanda kika sha yau sai bayan kamar kwana 7 rabinsa ke barin jini, saboda haka kowace ƙwaya tana hawa ne kan ragowar ta jiya da shekaranjiya, sai an yi wajen sati shida kafin abin da ke shiga da abin da ke fita su daidaita, shi ma TSH ɗin ba ya saurin sauka. In aka gwada da wuri lambar da za a gani ba ta gaskiya ba ce, za a ga kamar bai isa ba a ƙara, can gaba kuma a ga ya zarce. Ga kuɗin gwajin ba kaɗan ba, kin kashe a banza.

Da na koma TSH ya sauko 14. Ya ragu amma da sauran tafiya. Kafin likita ya taɓa biro sai ya ajiye takardar yace in faɗa masa yadda safiyata take tun daga tashi, kuma in zazzage duk maganin da ke jakata a kan tebur. Nan aka ga ƙwayar ƙarin jini da aka rubuta min a wani ɓangaren saboda yawan zubar haila, a takardarta an sa da safe, a ta tayirod ma an sa da safe, babu wanda ya haɗa takardun biyu ya duba. Wannan abin ya min ciwo har yanzu in na tuna, don magana ce ta minti ɗaya da za a iya faɗa wa mara lafiya a tagar karɓar magani, amma layi ya yi tsawo kowa na sauri. Sinadarin ƙarfe da ke cikin maganin ƙarin jini kama lebotairoksin yake a cikin hanji ya hana shi shiga jini. Haka kalsiyam. Haka farin maganin ruwan nan na olsa da ake kurɓa in ƙirji na zafi. Duk waɗannan sai an ba su tazarar awa 4 tsakaninsu da ƙwayar tayirod. Omefirazol ma, ƙwayar olsar nan da kusan kowane gida akwai shi, yana iya rage shigarsa, shi ba a cewa ki daina, amma dole likita ya san kina sha.

Sai maganar karin kumallo, wadda a ganina ita ce ta fi shafarmu. Ƙa'idar ita ce a sha ƙwayar da ruwa zalla, ciki babu komai, a jira minti 30 zuwa awa ɗaya kafin a ci wani abu. To duba abin da muke karyawa da shi, shayi mai kauri da madara, kofi ga masu sha, fura da nono, kunun gyaɗa, ga awara da yanzu ta zama abincin kowane lungu, ita kuma waken suya ce, waken suya na cikin abubuwan da aka san suna rage tsotsar maganin. Ba wai an haramta miki su ba ne, ki ci abinki, tazara kawai ake so da kuma tsari ɗaya kullum. Ni dabarar da ta zauna min ita ce sallar asuba. Ƙwayar da gorar ruwa suna gefen gado, da na farka kafin ma in yi alwala na haɗiye, kafin in idar da sallah in yi azkar in tashi yara in ɗora ruwan zafi awa ɗaya ta cika ba tare da na duba agogo ba. Maganin ƙarin jini kuma ya koma bayan la'asar. Wadda safiya ba ta mata daɗi tana iya sha da daddare lokacin kwanciya, in dai an yi awa 3 da cin abincin ƙarshe, amma mu da tuwon dare ke kaiwa ƙarfe tara wannan da wuya.

Ranar da na koma ɗin likita ya mayar da ni 75. Ƙari dama da kaɗan kaɗan ake yinsa, 12.5 ko 25, ba a tsalle. Aka sake wani jiran. A wannan zangon ne na fara jin alamar dawowa, ba wani abu mai girma ba, kawai na lura na gama darasi biyu a jere ban nemi kujera ba, bayan gida ya daidaita, kumburin fuska na safe ya sabe. Gwaji ya nuna 6 da ɗoriya, har yanzu sama da layi, aka ce to mu je 100.

Abin da ya biyo baya shi nake so duk mai son ƙara wa kanta magani ta karanta da kyau. Satin farko na biyu lafiya lau, har ina murna ƙarfi ya zo. Daga baya sai barci ya gudu, in kwanta ina jin bugun zuciyata a kunne kamar na hau bene da gudu alhali a kwance nake, gumi ko ana sanyin safiya, in ɗauki alli hannuna na ɗan rawa, abu kaɗan yaro zai yi in ji raina ya tashi, yunwa kuma ba a magana. Ban jira ranar da aka ba ni ba na koma, don dama likita ya ce min in na ji bugun zuciya ko ciwon ƙirji kar in tsaya jiran kwanan wata. Da lokacin gwaji ya yi TSH ya faɗi 0.2. Kin ga kenan 100 ɗin da lissafin kilo ya nuna ya min yawa, 75 kuma ya ɗan gaza, tsakanin wadda ke jan ƙafa da wadda zuciyarta ke dukan uku uku maikirogiram 25 ne kacal. Kuma yawan maganin nan ba wai rashin barci kaɗai yake kawowa ba, in aka daɗe a haka yana iya hargitsa bugun zuciya, yana kuma cinye ƙashi a hankali, musamman ga matan da haila ta ɗauke musu. Shi ya sa hankalina ke tashi in na ji ana cewa wai wasu na shan sa don rage ƙiba. Don Allah ku bari. Ko mu masu ciwon, nauyin da yake ƙara mana yawanci bai wuce kilo 2 zuwa 5 ba, akasarinsa ma ruwa ne da gishiri da jiki ya riƙe, shi ne ke tafiya in magani ya zauna, sauran sai an haɗa da kula da abinci da motsa jiki kamar kowa.

Maganin da likita ya samo mai sauƙi ne, yau 75 gobe 100, a haka a haka. Na ce masa jikin ba zai riƙa hawa da sauka ba? Yace a'a, daɗewar nan da maganin ke yi a jini da ta sa kike jin haushin jira ita ce kuma ke sa ranakun su haɗu su ba da matsakaici, jiki 87.5 yake gani. Na sayi ɗan akwatin robar nan mai gida bakwai, ranar Juma'a da yamma nake zama in jera na sati, saboda da asuba ido bai gama buɗewa ba ba lokacin tuna jiya nawa na sha ba ne. Gwajin da ya biyo baya 1.9. Alhamdulillahi.

Amma kar in ɓoye miki, ranar da lamba ta yi kyau ba ranar ce komai ya dawo ba. Gashi ya ɗauki watanni kafin zubar ta tsaya, a farkon shan maganin ma kamar ƙaruwa ta yi, kuma an ce min hakan na faruwa. Fata ma a hankali. Kuma akwai gajiyar da ba ta tayirod ba ce, in TSH ya daidaita kina nan a gajiye to a duba jini, a duba suga, a duba barcinki da damuwar da ke ranki, don mace mai yara da aiki da hidimar gida tana da dalilan gajiya da yawa, ba duka ake ɗora wa wuya ba. Na ga wadda ta nace sai an ƙara mata magani alhali ƙarancin jini ne ke damunta.

Tunda na ambaci gashi, akwai abin da ya kamata mata su sani. Ƙwayoyin gyaran gashi da farce da ake tallatawa a Instagram yawancinsu akwai bayotin a ciki mai yawa, shi kuma bayotin ba ya taɓa tayirod ɗin amma yana rikita na'urar gwaji a dakunan gwaji da dama, sai sakamako ya fito kamar maganinki ya yi yawa alhali ba haka ba ne, a rage miki a banza. A dakatar da shi aƙalla kwana 2 kafin a ɗebi jini, kuma a faɗa wa likita. Ni ranar gwaji da safe nake zuwa, ba na shan ƙwayar sai an gama ɗibar jinin, tana cikin jaka ina fitowa nake haɗiyewa. Kuma ina ƙoƙarin tsayawa a ɗakin gwaji ɗaya, don kowanne da na'urarsa da iyakokin da yake rubutawa, in kina yawo yau nan gobe can kwatanta takardun zai yi wuya. Duk takardun ina ajiye su a fayil ɗaya, a bayan kowacce na rubuta adadin da nake sha a lokacin, likita na jin daɗin wannan sosai don ba kullum fayil ɗin asibiti ke fitowa da wuri ba.

Haka kamfanin maganin. In kin je kemis aka ce wanda kika saba babu ga wani duk ɗaya ne, eh sinadarin ɗaya ne, amma tunda da maikirogiram ake wasa ɗan bambancin haɗi na iya nunawa a jini. In dole ta sa kin canza, gara ki canza da ki zauna babu magani, sai dai ki rubuta ranar ki sake gwaji bayan sati shida zuwa takwas. Ki duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa. Sannan zafi da laima na rage masa ƙarfi, a kwalin za ki ga an ce a ajiye ƙasa da digiri 25 ko 30, mu kuwa a bazara muna haura 40, to kar a bar shi a kicin ko kan taga ko cikin mota, a nemi wuri mafi sanyi a ɗaki a bar shi cikin ledarsa, kuma ni ba na sayen na wata shida lokaci ɗaya a lokacin zafi, ina kuma lura da irin shagon da nake saye, in na ga rana na dukan kantar magani sai in wuce gaba.

Maganar da ta fi kowacce nauyi a wajena ita ce ta ciki. A layin asibiti na zauna kusa da wata yarinya amarya, tace min tun da ta ga ɓatan wata ta ajiye ƙwayar, surukarta tace mai ciki ba ta shan maganin bature barkatai. Na riƙe hannunta nace ƙanwata don girman Allah in kin shiga ki faɗa wa likita wannan maganar kafin komai. A watannin farko jariri ba shi da tayirod mai aiki, da sinadarin uwarsa ƙwaƙwalwarsa ke ginuwa, saboda haka mai ciki buƙatarta ƙaruwa take, yawanci ana ƙara mata wajen kashi 25 zuwa 30 cikin ɗari da zarar an tabbatar da cikin, a riƙa gwaji kusan duk sati 4 a rabin farko, bayan haihuwa a mayar da ita inda take a sake dubawa. Barin maganin ne ke da haɗari, ɓari da haihuwa kafin lokaci na cikin abin da ake tsoro. Shayarwa ma ba ta hana sha. Kuma ki tuna a awo za a ba ki maganin ƙarin jini, wani lokaci da kalsiyam, to ga tazarar awa 4 ɗin nan ta dawo. Wadda ke neman haihuwa kuma ta sanar da likita tun kafin, don adadin TSH da ake so a wajenta ya fi na sauran mutane ƙasa. Akwai kuma matan da abin ke taso musu a shekarar farko bayan haihuwa, a ɗauka gajiyar jego ce, irin wannan wani lokaci yana warkewa da kansa, likita ne zai gwada rage maganin ya gani. Irin nawa na Hashimoto dai yawanci na har abada ne, jin sauƙi alama ce magani na aiki, in aka ajiye shi cikin 'yan makonni komai zai dawo.

Goggo da ta ji an ce ciwon wuya ne sai ta koma maganar maƙoƙo, tace a da a ƙauye da yawa ake gani, gishiri ne maganinsa. Tana da gaskiya ta wani ɓangaren, ƙarancin sinadarin aidin na kawo maƙoƙo, shi ya sa tun shekarun 1990 aka wajabta sa aidin a gishirin da ake sayarwa a Najeriya, kuma abin ya taimaka ƙwarai. Amma mai Hashimoto ba aidin ta rasa ba, ɗura mata ƙarin aidin ko garin ciyawar teku da ake sayarwa a intanet na iya ƙara dagula abin. Gishirin girki na leda ya wadatar. Masu cewa a daina cin kabeji kwata kwata ma sun tsananta, wanda aka dafa aka ci daidai misali ba shi ne matsalar ba.

Azumi ne ya rage min da tunani, don tsarin asubar nan nawa rushewa yake, lokacin da na saba shan ƙwaya shi ne lokacin da aka kama baki. Hanyoyi uku likita ya ba ni in zaɓa. Ko in tashi kafin sahur da kamar awa ɗaya in sha in koma in ɗan kishingiɗa ko in yi nafila, ko in sha da ruwa da an kira magariba in jinkirta abinci minti 30, ko in sha lokacin kwanciya in an yi awa 3 ban ci komai ba. Ta biyun ban ga zan iya ba, ga kunun tsamiya da ƙosai a gabana ga yara na ci, kuma ina son buɗe baki da dabino. Ta ukun ma bayan tarawihi a gidanmu ake cin abinci mai nauyi. Ta farkon na ɗauka tunda dama ni ke tashi ɗora sahur, ina farkawa nake sha kafin in shiga kicin, kafin a gama ɗumame a tashi mutanen gida lokaci ya yi, madarar shayin sahur kuma na rage ta. Yace kar in canza adadin da kaina saboda azumi, in an yi sallah da kamar sati shida in zo a gwada a ga ko wani abu ya motsa.

Yanzu an ce in lambar ta ci gaba da zama daidai gwajin zai koma bayan wata shida, daga nan sau ɗaya a shekara, sai dai in an samu ciki, ko nauyi ya canza sosai, ko an ɗora ni kan wani sabon magani, ko alamomin sun dawo. Wadda nata ya ƙi daidaita duk da ta kiyaye duk abubuwan nan, ta nemi a tura ta wajen ƙwararrun ɓangaren, su ne dai likitocin da ke duba masu ciwon suga a manyan asibitocin koyarwa irin na Aminu Kano ko na Shika a Zariya, don wani lokaci matsalar daga ciki ce ko hanji ba ya tsotsa, sai an bincika. Ƙanwata da ke bi na ta fara ƙorafin sanyi da nauyin jiki, tana cewa aikin gida ne, na faɗa mata abin na bin dangi, na kuma karɓar mata takardar gwajin TSH, ranar Litinin in Allah ya kai mu tare za mu je a ɗebi jinin.